Shawarwari ga Ƙananan Likitocin Yara Masu Son Shiga Bincike

A wata tattaunawa tsakanin manyan likitocin yara da masu tasowa, abin da aka fi nanatawa shi ne zaɓen tambayar bincike. Likitan da ke neman ƙwarewa a Kwalejin Likitoci ta Yammacin Afirka ko ta ƙasa da ke Ijanikin, Legas, dole ya rubuta kundin bincike kafin jarrabawar ƙarshe. Da yawa sai lokaci ya ƙure suke ɗaukar duk maudu'in da aka miƙo musu. Shawarar ita ce ka nemo tambayarka daga ɗakin da kake kwana aiki: tamowa, sikila, ƙyanda, jarirai bakwaini. An ba da misalin binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, kan amfani da maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Matsalar gida ce ta haifar da shi.

Game da jagora kuwa, an ce kada girman suna ya ruɗe ka. Nemi wanda zai karanta rubutunka ya dawo maka da gyara a kan lokaci, kuma ku yi magana tun farko kan jerin sunayen marubuta. Ni a ganina wannan ya fi komai hana ɓacin rai.

Sai izinin kwamitin ɗa'a, wato mai tantance dacewar bincike a kan mutane, da yardar iyaye, a yi musu bayani da Hausar da za su gane. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda aka yi zargin an yi shi ba tare da cikakkiyar yardar iyaye ba.

An kuma ce a koyi ƙididdiga tun kafin tattara bayanai.