Na makale wajen rubuta ma'anar ƙirƙirarriyar basira a daftarin doka

Assalamu alaikum 'yan uwa lauyoyi. Shekara biyar na yi ina zuwa kotu kafin na koma aikin taimaka wa kwamitin majalisa kan dokokin fasahar zamani. Wata uku ke nan, kuma abu ɗaya ya hana ni barci.

An ba ni in rubuta sashen ma'anar kalmomi a wani daftari kan ƙirƙirarriyar basira. Sau bakwai ina gogewa. In na faɗaɗa ma'anar, har manhajar lissafin albashi ta shigo ciki. In na matse ta, kafin a kammala karatu na biyu wani sabon salo ya fito ya zille. Na duba dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a watan Agustan 2024. Ma'anarsu ta bi sahun wadda OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, ta sabunta a 2023, amma nauyin dokar yana kan matakan haɗari, wato abin da ake yi da na'urar, ba yadda aka gina ta ba. Hakan ya kwanta min a rai, sai dai shugaban kwamiti layi biyu yake so, wanda zai karanta a zaure kowa ya gane.

Don Allah wanda ya taɓa wannan aikin: ma'anar a jikin doka kuke sa ta, ko kuna bar wa hukumar da za ta aiwatar ta fayyace a ƙa'idoji? Kuma injiniya nawa kuke nuna wa daftari kafin ku miƙa?