Neman kalma: wace sarauta za mu ba Lifiya, matar Agustus?

Mafassari: Salamu alaikum, malamai. Ana neman kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin lakabin "Agusta" na matan gidan sarautar tsohuwar Rum. Misalin da ke gabanmu shi ne Lifiya Durusila, matar Agustus, Ƙaisar Rum na farko. Na rubuta ta da "f" don kada a ɗauka ƙasar Libiya ake nufi. Sarauniya ta wadatar?

Malamar tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, ba ta wadatar ba. Bahaushe in ya ji sarauniya, Daurama ko Amina ta Zazzau yake hangowa, mace mai ƙasa da mayaƙa. Lifiya ba ta taɓa riƙe mulki da sunanta ba. Su kansu Rumawa sun tsani kalmar sarki tun da suka kori na ƙarshe a 509 kafin Miladiyya, shi ya sa Agustus ya riƙa kiran kansa na farko cikin 'yan ƙasa. Kiliyofatara ta Masar ce suke kira sarauniya, kuma ba da bakin yabo ba.

Ɗan Zage-zagi: To a ce matar sarki mana, ko uwar soro, a huta.

Malamar tarihi: Nan ne ake zamewa. Agustus ya aure ta a Janairun 38 kafin Miladiyya, tana da cikin ɗanta na biyu, Durusus, na mijinta na fari. Babban ɗanta Tibariyas yana ɗan shekara uku a lokacin. Sun yi shekara 51 tare, ba su sami ɗa rayayye ba, kuma duk tsawon zaman nan ba Agusta ba ce. Sai da ya rasu a 14 Miladiyya aka karanta wasiyyarsa: ya shigar da ita zuriyarsa, ya ba ta suna Juliya Agusta da sulusin dukiyarsa, Tibariyas ya ɗauki sauran. Wato da takaba ta sami lakabin. In ka fassara shi da matar sarki, ka sa mai karatu ya juya tarihin kai ƙasa.

Tsohon edita: Ke nan Mai Babban Ɗaki ta fi kusa, yadda Kanawa ke kiran mahaifiyar sarki, tunda ɗanta Tibariyas ne ya hau.

Malamar tarihi: Ga Lifiya ya zauna daram, Baba. Amma gwada shi a kan sauran. Antoniya ƙarama kaka ce, jikanta Ƙaisar Kaligula ya ba ta a 37. Agiripina ƙarama ta samu a 50, mijinta Kalaudiyas yana kan gado. Mesalina, matarsa kafin ita, ta haifa masa ɗa namiji amma ba a ba ta ba. Kalaudiya 'yar Ƙaisar Nero kuwa jaririya ce a 63 da aka ba ta, ta rasu tana da wata huɗu. Marsiyana, da ita ma ta samu, 'yar'uwar Ƙaisar Tarajan ce. Uwa, kaka, mata, 'ya, 'yar'uwa: babu kalmar dangantaka ɗaya da za ta ɗauke su duka, domin abin naɗi ne, ba gado ko aure ba.

Ɗan Zage-zagi: Ma'anar asalin kalmar ai mai girma ce da kwarjini. Mai Alfarma fa?

Tsohon edita: Ma'ana ta yi, amma kunnen Bahaushe Sakkwato zai tafi nan take. Kuma ba ya nuna mace ce. Magajiya ma tana da nata aikin a fadojinmu, kada mu ɗora mata kayan da ba nata ba.

Mafassari: To ga abin da na ɗauka. A bar Agusta yadda take, kamar yadda muka bar Ƙaisar da Fir'auna. A ambato na farko a rubuta "Agusta, lakabin girma da ake naɗa wa wasu matan gidan Ƙaisar". Inda aure kawai ake nufi, matar Ƙaisar. Inda uwa ce, uwar Ƙaisar.

Malamar tarihi: Na amince. Ƙari ɗaya: kafin 14 Miladiyya a rubuta Lifiya kawai, daga nan zuwa rasuwarta a 29 a ce Juliya Agusta. A 42 jikanta Kalaudiyas ya sanya ta cikin ababen bautarsu, wannan kuma wata kalmar ce da ke jiran nata zaman.