Yadda jirgin shaƙatawa ke komawa na yaƙi

Ɗan Kawo: Malamai, ta yaya ake mayar da jirgin ruwan shaƙatawa na attajirai jirgin yaƙi?

Na Barnawa: Ƙanena, da farko a ɓamɓare katakon ado da labulaye, su ne abincin wuta. Sai a ƙarfafa daɓen sama da ƙarfe, in ba haka ba ƙarfin harbin igwa ya tsaga shi. Haka jirgin shaƙatawa Corsair na attajirin Amurka J.P. Morgan ya koma jirgin yaƙin Amurka USS Gloucester a 1898, ya fafata da jiragen Sifaniya a Santiyago ta ƙasar Kyuba.

Na Tudun Wada: Nauyin igwa a sama kan sa jirgi tangaɗi. Ga ƙarancin shingayen tare ruwa a cikinsa. USS Alcedo kam, wani jirgin shaƙatawa da Amurka ta mayar na yaƙi, harbi ɗaya na jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus ya nutsar da shi a Nuwamban 1917.