Tuban jarumin littafina ya ƙi shiga ran masu karatu

Assalamu alaikum marubuta. Ina rubuta littafin soyayya, amma na cije a wuri guda. Jarumin tsohon ɗan caca ne, ya cinye dukiyar marayun da aka ba shi amana, ya yi zaman gidan yari ya fito. Jarumar kuwa lauya ce, ita ta tsaya wa marayun a kotu.

Duk wanda na ba ya karanta sai ya ce tuban nasa na fatar baki ne. Na sa shi ya yi kuka a gabanta, aka ce wasan kwaikwayo ne. Na ƙara babi kan yarintarsa, yadda mahaifinsa ya watsar da su, aka ce wanke shi nake yi. Na gwada raba labarin, babi ɗaya ta bakinsa, ɗaya ta bakinta, sai ya koma mai yawan kare kai, ita kuma ta zama kamar wadda aka yaudara. Kuma ba na so a ce soyayyarta ce ta gyara shi; na gaji da labaran da mace ke zama asibitin namiji.

Wane aiki zai yi, wanda mai karatu zai gani ƙarara, da zai sa amincewarta ta yi ma'ana ba tare da ta zubar da mutuncinta ba?