Mujalla ta dawo min da takardata kan Ki-67, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ma'aikatan dakin gwaji. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubutu. Na yi bincike kan Ki-67, wani furotin da ke nuna saurin yaɗuwar ƙwayoyin ciwo, a naman ciwon daji na nono, mujalla ta ce sai na cike ƙa'idojin REMARK na yadda ake rubuta rahoton bincike kan alamomin ciwon daji, masu sharuɗɗa 20, waɗanda aka fitar a 2005. Yawancinsu na cike. Inda na maƙale shi ne yadda aka adana naman.

Ƙa'idar ASCO da CAP (ƙungiyoyin likitocin ciwon daji da na gwajin nama a Amurka) kan naman nono ta ce a tsoma shi cikin fomalin, ruwan maganin adana nama, kafin awa 1 da cirewa, ya zauna awa 6 zuwa 72. Namu kuwa mota ake ba wa zuwa Yawunde, cikin zafin watan Afrilu, wata kwalbar ta yi sati a hanya. Na buɗe tsohon rajistanmu, ranar tiyata kawai aka rubuta da jan biro, babu awa.

Ba zan ƙirƙiri lokaci ba, matan da aka cire wa naman nan amana ce a wuyana. To in cire waɗannan samfuran, adadina ya ragu sosai, ko in bar su in faɗi gaskiya? Wanda ya taɓa haɗa REMARK da BRISQ (ƙa'idojin bayyana yadda aka sarrafa samfura aka adana su), don Allah a ina ya rubuta irin wannan giɓin?