DMA na kawo min tsoffin bayanai, a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta direban Linux na wata na'urar auna batirin sola, a kan allo mai furosesa Cortex-A53. Na'urar tana zuba bayit 20 cikin bafa (wurin ajiye bayanai na ɗan lokaci a RAM) ta hanyar DMA, wato kai tsaye ba tare da ta bi ta furosesa ba. Yawanci lafiya lau, amma lokaci-lokaci sai in karanto lambobin zagayen baya. In na kashe DMA matsalar ta ɓace. Kwana uku ke nan a ɗakina a Kabuga, har wayar haɗin na'urar na sauya, na sa kalmar volatile a lambar shirin, shiru. Me na ɓata?

Wani daga Hotoro: Wa alaikumus salam. Cire volatile ɗin nan, kwamfaila (mai fassara shirinka zuwa yaren inji) yake yi wa magana, ba ruwansa da kash, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikin furosesa. Ka san ɗan Kwari mai 'yar takarda a aljihu, yaronsa kuma yana rubutu a babban littafin shago? To DMA littafin yake rubutawa, wato RAM, furosesa kuwa aljihunsa yake dubawa, wato kash. A x86, furosesan yawancin laftof, injin kwamfutar da kansa yake daidaita su, shi ya sa masu laftof ba su san wannan ciwon kan ba. Allunan ARM da yawa sai kanel, wato zuciyar Linux, ya yi. Kana kiran dma_unmap_single ko dma_sync_single_for_cpu kafin ka karanta?

Mai tambaya: Ina kira, Yallaɓai.

Wata malama daga Zoo Road: Ƙanena, a ina bafar take zaune?

Mai tambaya: Cikin struct (ƙunshin bayanai a wuri ɗaya), Anti, kusa da wata lamba da nake ƙirga katsewa (interrupt) da ita.

Malamar: Ga ɓarawon nan. Kash ba ya ɗaukar bayit ɗai-ɗai, layi guda yake ɗauka, bayit 64 a A53. Bafarka da lambar suna layi ɗaya. DMA na tsakar aiki ka ƙara wa lambar ɗaya, furosesa ya jawo layin gaba ɗaya da tsohon abin da ke ciki. Ranar da ya mayar da shi RAM sai ya danne sabon da na'urar ta rubuta. Ranar da bai mayar ba, lambarka ce za ta salwanta, ka duba ta. Ware wa bafar kmalloc nata ita kaɗai, kada ka kuskura ka sa ta a stack. Ka kunna CONFIG_DMA_API_DEBUG ma, duk da ba kowane kuskure yake kamawa ba.

Na Hotoro: Ko dma_alloc_coherent, bayit 20 ai ba za ka ji jinkirin ba.

Mai tambaya: Na ware ta. Tun bayan la'asar yake gudu, karatu bai kuskure ba. Lambar ma ashe tsallake take yi. Allah ya saka da alheri.