Buroshin yara da na iyali: wanne za a saya in kuɗin ba yawa?

Uwargida mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gida ne mai mutum takwas, yara tun daga mai wata goma har zuwa mai shekara 12. A kanti buroshi kala-kala ne, wani an yi masa zanen tsuntsu da mota an tsuga masa kuɗi, wani kuma a kwali ake jera shi ana ba da shi da araha. Waɗanda suka san harkar su taimaka mana, me ake dubawa? Mai arahar yana cutarwa ne?

Ma'aikaciyar sashen haƙori:
Wa alaikumus salam Hajiya. Araha ba ta cutarwa, tauri ne ke cutarwa. Abu uku za ki duba, zanen da ke jiki ba ya cikinsu.

Na farko laushin gashin. A jikin kwalin ana rubuta Soft (mai laushi), Medium (matsakaici) ko Hard (mai tauri). Yaro dai Soft kawai, in an samu Extra Soft ga wanda bai kai shekara uku ba ya fi. Dattin da ake son cirewa wani farin danƙo ne mai laushi da ke taruwa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ba ya buƙatar kankara, shara yake buƙata, kuma gashi mai laushi ne ke lanƙwasa ya shiga wannan lungun. Mai tauri tsallake wurin yake yi, ya ƙuje dasashi ya sa jini, yaro ya tsani goge baki tun daga ranar.

Na biyu girman kan. Ki gwada da ido: kan buroshin yaro kada ya rufe fiye da haƙoransa biyu. Wannan shi ne inda iyaye suka fi kuskure, a sayi na manya a miƙa wa ɗan shekara huɗu don wai zai daɗe. Ba zai kai turamen can ciki ba, yana turawa zai taɓo maƙoshi ya ji yunƙurin amai, sai ya riƙa goge na gaba kawai. Ruɓewa kuwa a turame ta fi farawa, domin samansu akwai 'yan ramuka da abinci ke maƙalewa.

Na uku mariƙi. Ƙaramin yaro dunƙule hannu yake yi ya riƙe, don haka mai kauri, mai ɗan roba a jiki, ya fi zama a hannunsa. Wanda kuma ke ce za ki riƙa goge masa, mai ɗan tsawon mariƙi ya fi miki daɗi.

Mai shagon kayan masarufi:
Hajiya ki lissafa da shekara, ba da ɗaya ɗaya ba. Ana canja buroshi duk wata uku, wato huɗu ga kowane mutum a shekara. Mutum takwas, 32 ke nan, dozin uku ya ishe ku har da rarar huɗu. A wajen masu sari, irin kasuwar Singa ko Sabon Gari a Kano, ko babbar kasuwar garinku, kwalin dozin yana sauko da farashin kowane ɗaya sosai a kan sayen kanti. In kuɗin bai kai ba ku haɗa da maƙwabta ku raba kwali.

Amma kada ki ɗauki kwali sai kin sayi ɗaya kin gwada. Ki kama tsagin gashi ɗaya da yatsu ki ja da ɗan ƙarfi, in ko sili ɗaya ya biyo hannunki ki bar wannan kayan gaba ɗaya, a bakin yaro zai riƙa zuba. Ki goga shi a bayan hannunki, mai kyau shafa yake yi, marar kyau tsikara yake yi, domin ba a goge bakin silin ya zama mulmulalle ba, yanka shi kawai aka yi. Ki bi gefen kan da yatsa ko akwai kaifin roba da ya rage daga wajen zubi. Ki ɗan lanƙwasa wuyan, kada ya yi fari ko ya yi ƙara. Sannan kowane ɗaya ya kasance a rufe cikin ledarsa, ban da wanda ake shanyawa a faranti ƙura na hawa.

Akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Alamarsu rubutu mai dishi-dishi, kwali marar ƙwari, da gam da ke ɓallewa da kansa. Gara ka sayi ƙaramin suna na gaskiya da ka biya kuɗin babban suna a kan jabu. Wani kuma an rubuta masa Soft amma tauri gare shi, shi ya sa hannu ya fi rubutu gaskiya.

Wani magidanci:
Malama ma'aikaciya, na yara na yarda. Amma babba mai cin goro da shan shayi, mai laushi ba ya fitar masa da komai. Mu mai tauri muke nema.

Ma'aikaciyar sashen haƙori:
Alhaji a yi haƙuri, nan ba zan bi ka ba. Jan goro da ya kama, da tsatsar nan mai tauri da ke taruwa a bayan haƙoran ƙasa, babu buroshin da zai cire su, sai wankin asibiti da na'ura. Abin da mai tauri ke yi shi ne ya ci wuyan haƙori. Muna ganin manya da yawa da ƙaramin kwari a gindin fiƙa da haƙoran da ke bin ta, dasashi ya ja baya, saiwa ta fito, ruwan sanyi ya taɓa sai tsami har ka. Dasashin da ya ja ba ya komawa da kansa. In mai laushi bai gamsar da kai ba ka tsaya a Medium, ka riƙe mariƙin da yatsu uku maimakon dunƙulen hannu. Buroshin da ya baje kamar tsohuwar tsintsiya cikin wata ɗaya shaida ce mai shi yana dannawa fiye da ƙima.

Malamar renon yara:
Ni abin da zan ƙara shi ne hannun da ke riƙe da buroshin, don shi ne rabin aikin. Yaro ba ya iya goge baki da kyau shi kaɗai sai wajen shekara 7 ko 8. Kafin nan a bar shi ya fara don ya saba, babba ya ƙarasa.

Jariri da bai fitar da haƙori ba, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa a naɗe a yatsa ya isa. Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida, kuma ranar da ya ɓullo ranar buroshi ya fara aiki. Ki zauna ki kwantar da kansa a cinyarki, fuskarsa na kallon sama, ki ɗaga leɓen sama da yatsa. A nan gindin haƙoran gaba na sama ake fara ganin farin layi kamar alli, shi ne farkon ruɓewa, musamman ga yaron da ke kwana da fida mai sukari ko shayi a baki. Ki karkata gashin ya fuskanci dasashi, ki riƙa 'yan kewaye ƙanana, waje, ciki, sannan saman turame. Minti biyu, sau biyu a rana, kuma na dare shi ne wanda ba a yafewa, domin yawu yana raguwa in an yi barci, ba abin da zai wanke ragowar abinci har safe. Bayan na dare ba a ƙara ba shi komai sai ruwa.

Ɗan shekara biyu zai tauna buroshi, ba makawa, cikin mako biyu ya lalata shi. Dabarar ita ce guda biyu masu araha: ɗaya nasa na riƙewa, ɗaya naki na aiki da kike ajiyewa inda hannunsa bai kai ba. Kuma kada a bar yaro yana gudu da buroshi a baki. In ya faɗi, ganda ko maƙoshi yake sokewa, rauni ne mai muni.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi. Wajen shekara shida wasu turame huɗu suna fitowa can bayan haƙoran yarinta 20, ba tare da wani ya faɗi ba. Sai a ɗauka su ma na famfara ne. Na dindindin ne, da su zai tsufa. Lokacin da suke fitowa sun fi na gabansu gajarta, buroshi yana wucewa ta samansu bai taɓa ba, sai an shigo da shi ta gefen baki an goge su su kaɗai.

Mai kemis:
Kuɗin da aka rage a buroshi a sa shi a makilin. A juya bututun a nemi yawan sinadarin fulorayid, ana rubuta shi da lamba da haruffan ppm. Na yaro kada ya gaza 1000. Na manya yakan kama daga 1350 zuwa 1500. Wasu na yara masu ɗanɗanon alawa ba su da shi sam, ko suna da kaɗan, ga su da tsada. Bututu ɗaya na gida yana iya isar kowa in an kula da awo: ƙasa da shekara uku a shafa kamar ƙwayar shinkafa ɗaya, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama. Cika buroshi daga kai zuwa gindi aikin talla ne, ɓarna ce kawai. In yajinsa ya hana yaro yarda, sai a nemi marar yaji mai wannan lambar. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a ƙarshen bututun.

Bayan gogewa a tofar, kada a kurkure da ruwa. Na san abin ya saɓa wa yadda aka saba, amma kurkurewa tana wanke sinadarin kafin ya yi aiki. Babba ne zai matsa wa yaro makilin a buroshi, a kuma ɗauke bututun, don yawan haɗiyewa a ƙuruciya yana sa fararen tabo a haƙoran dindindin. Mutanen wuraren da ruwan rijiya ko burtsatse ke da yawan fulorayid tun asali, irin yankin Kaltungo a Gombe, Langtang a Filato, da Tibiri kusa da Maraɗi, su ƙara kula da haɗiyewar nan, su kuma nemi shawarar likitan haƙori na kusa.

Wata uwa:
Yaya batun asuwaki? Shi ne mafi araha, ga lada.

Malamin makarantar kwana:
Asuwaki sunna ce tabbatacciya 'yar'uwa, kuma yana tsaftace baki in an iya shi. A jiƙa, a ɓare kan kamar tsawon gaɓar yatsa, a tauna ya yi laushi, a yanke bakin da ya tsufa a kai a kai. Inda yake gazawa shi ne bayan turamen ƙarshe da cikin haƙora ta wajen harshe, saboda gashinsa a miƙe yake da sandar. Ƙaramin yaro kuma haɗiye ɓarɓashin yake yi. Saboda haka asuwaki da rana wajen alwala ga wanda ya yi wayo, buroshi da makilin safe da dare. Gawayi, toka da gishiri kuwa a bar su, farin da suke kawowa na kankare fatar haƙori ne.

Ga masu yara a makarantar kwana, zango ɗaya kusan wata uku ne, don haka sabon buroshi ya shiga jerin sayayyar kowane komawa, a rubuta suna a mariƙin. Aron buroshi yana yawa a ɗakin kwana. A ja musu kunne sosai, domin dasashi yana jini, kuma cutar hanta nau'in B tana iya bi ta wannan hanya.

Ma'aikaciyar sashen haƙori:
Malam ya tuna min da ajiya. A gida mai yara da yawa kowa ya san kalarsa, in kalolin kwalin sun maimaitu a ɗaura zare ko a ɗiga jan farce a gindin mariƙi. Bayan amfani a ɗauraye, a kaɗe ruwan, a tsayar da shi kai sama ya sha iska, kawunan kada su haɗu a kofi ɗaya. Kada a bar shi a banɗaki kusa da masai, kuma kada a kulle shi a jiƙe cikin leda ko murfi marar huda, danshi ne ke raya ƙwayoyin cuta. In ana tsoron kyankyaso, kwando mai raga ko murfi mai huji bayan ya bushe. Tsoma shi a tafasasshen ruwa don ya yi laushi lanƙwasa gashin yake yi, ruwan ɗumi ya wadatar. Buroshi mai batir ba dole ba ne, kan da ake sauya masa ma yakan fi buroshin hannu da yawa tsada.

Hajiya mai tambaya, in kin fara kika ga ɗan jini kada ki daina, dasashi ne ya kumbura saboda datti, da gogewa a hankali yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka a je asibiti. Amma yaro ƙarami, musamman tsakanin shekara 2 da 6, mai rama ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, in dasashinsa ya yi gyambo, baki na wari sosai, kunci ya kumbura, wannan ba maganar buroshi ba ce kuma ba a kwana da ita. Haka cutar nan mai cin fuska da likitoci ke kira Noma take farawa, cikin kwanaki take huda kunci. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, amma a matakin farko asibiti mafi kusa za a nufa a ranar, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita in an kai shi da wuri.